Shayi a Tukunyar Motar Kawu Tanko

Tun da na dawo daga Ajase ba a bar ni na kaɗa shayi cikin natsuwa ba. Mai sayen biredi ya tambaya, wanda ya zo ɗumama benci kawai shi ma ya tambaya. Habu, yaya ƙasar masu Faransanci? Habu, da gaske ne motar kawunka nono take fitarwa? Bakina ya gaji. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba. Amma ku sani, ni kaina a ruɗe na yi yawancin tafiyar nan, sai dab da ƙarshe kaina ya waye, kuma da ya waye ɗin ban ji daɗi ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai shayi ne a bakin layin dogo a Agege, cikin Legas. Nan aka haife ni, kuma kafin wannan tafiyar iyakata Sango. Kawu Tanko yayan mahaifiyata ne. Yana da wata tsohuwar gingimari mai bodin katako wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ya sa mata suna Gwoggo. In ka ji yana cewa Gwoggo ba ta yi barci da kyau ba jiya, kada ka je gaisuwa gida, motar yake nufi.

Babban ɗansa, Yaya Sagir, ya daɗe da gajiya da ita. Ranar da aka samo wa Kawu lodin robobi da bokitai zuwa Ajase, wato garin da ake ce wa Porto-Novo a Benin, Yaya Sagir ya tara mu ya yanke magana. Ya ce in ta sake lalacewa a hanya, 'yan gwangwan za a kira su yanka ta, Baba kuma ya zauna a gida. Kawu yana ta jan carbinsa. Daga baya Yaya Sagir ya ja ni gefe.

"Kai za ka bi shi. Abin da idonka ya gani, shi za ka faɗa mini."

"Yaya, ni fa ban san komai a mota ba in ba kujera ba."

"Ai shi ya sa. Wanda ya san mota rufa masa asiri zai yi."

Ruɗanina na farko ke nan. Na ɗauka Kawu zai kore ni, don mutum ne da ba ya son kowa a gaban motarsa. Sai ga shi har da share mini kujera da hularsa, yana cewa madalla, ɗan ƙanwata, madalla.

Mun tashi bayan rana ta fito sosai. Daga Agege zuwa Sango kun san yadda take, danfo, wato bas ɗin haya, ta shigo ta dama, keke napep ta kutso ta hagu, kowa na zagin kowa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Kawu. Hanyar da yake bi tun ba a haife ni ba, amma sai ya nuna allo ya ce, "Habu, me aka rubuta a can?" In karanta masa. Can kuma, "Wancan tsaye yake ko tafiya yake?" Na ce a raina, lallai tsohon nan gwada karatuna yake, don ya san aji nawa na yi na gudu. Da muka karya hanyar Idiroko kuwa, ya sami wata farar tirela ya manne mata a baya. Ta yi gudu mu yi gudu, ta ja ciki mu ja ciki. Na ce Kawu mu wuce ta mana. Ya ce sauri na masu danfo ne.

Bayan Atan muka tarar da ruwa ya cinye titi. An kwana ana sheƙawa, hanya ta koma tafki, masu okada sun naɗe wando suna tura babura. Gwoggo ta shiga, ruwa ya kai rabin taya, ƙasan kuma duk ramuka ne. Ta faɗa wannan ta fito, ta faɗa wancan, bokitan baya suna kaɗe-kaɗe, ni kuma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Allah Ya fid da mu.

Da muka ɗan yi nisa Kawu ya tsaya, ya zagaya baya, ya durƙusa. A tsakanin tayoyin baya akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kumburi. Makanikai bak aksil suke cewa, Kawu kuwa tukunya yake ce mata. A cikinta haƙoran da ke juya tayoyin suke, suna iyo cikin man giya. Ya ɗora mata tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi, ya ce ta yi zafi. Ya sauke jarkarsa, ya cika bokiti, ya kwara mata a ka. Ya ce haka maigidansa ya koya masa tun yana yaron mota, ba a barin tukunya da zafi. Ku riƙe bokitin nan, za mu dawo kansa.

Kafin Owode sai wani kuka ya taso daga baya, irin na injin markaɗe in an sa masa hatsi babu ruwa. Ga Kawu a gefena, ga maganar Yaya Sagir a kunnena. Muka gangara garejin wani bakanike Bayerabe, Baba Rasaki, mutum mai tumbi da fara'a. Ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya kwance notin ƙasan tukunyar, ya tara roba. Kawu yana durƙushe dab da shi, hancinsa ya kusa taɓa robar, amma sai ya juyo wurina.

"Habu, wace kala?"

"Kawu, wannan ai shayi ne. Shayi mai madara, irin wanda ake cewa a cika hannu."

Baba Rasaki ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce da Yarabanci ruwa ne ya shiga. Mai da ruwa in haƙora suka kaɗa su, haka suke komawa, kuma ba sa riƙe ƙarfe. In aka bar shi, boris ya ci kansa, haƙora su yi tsatsa, wata rana tayoyin su ƙi juyawa a tsakiyar titi. Ya ce laifin tafkin Atan ne, ba wani abu ba. Ya bar man ya tsiyaye tas, ya zuba wani mai ya sa aka ɗan zagaya da motar don ya wanke cikin, ya sake zubarwa, sannan ya cika ta da sabo mai kalar zuma. Kukan ya ragu sosai.

Muna nan wayata ta yi ƙara. Yaya Sagir ne.

"Kuna ina?"

"Owode. Ana canza mai."

"Canza mai ko lalacewa?"

Na dubi Kawu. Ya ce a hankali, "Gaya masa ruwa ta sha ta shaƙe, kuma ta yi tari ta warke." Haka na faɗa. Yaya Sagir ya yi tsaki ya kashe.

Daga Owode zuwa boda, wato iyakar ƙasa, ba nisa, kuma rana ba ta ko yi ja ba, amma Kawu ya ce a nan za mu kwana. Kawu Tanko fa, wanda a da in ana labarin direbobin da ba sa tsoron duhu da sunansa ake farawa. Na ce ko don kukan motar ne. Ya ce e, don shi ne. Muka sami baranda a masallacin Hausawan wurin, wani mahauci ɗan Sakkwato ya kawo mana tuwo da miyar kuka, sauro kuma ya ci rabonsa a jikinmu.

Boda kuwa, ni na ɗauka wata katanga ce mai ƙofa. Ashe kasuwa ce mai shingaye. Kowa na tafe da kaya a ka, ba ka san wanda ya fita ƙasa da wanda ya shigo ba. A ɓangarenmu Kawu ya danƙa mini jakar takardun mota ya ce duk wadda suka nema in zaro. A ɓangaren Benin wani jami'i ya yi mana magana da Faransanci, na yi tsuru-tsuru, na ce masa yes sir. Ya sake yi, na sake cewa yes sir. Da ya ga ba ci gaba sai ya juya Yarabanci tsantsa, wanda ya fi nawa kyau. Katin allurar shawara yake nema, mai ruwan ɗorawa. Na miƙa nawa. Kawu ya laluba aljihu da ƙarfin gwiwa ya miƙa nasa. Jami'in ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Baba, Allah Ya sanya alheri, amma ba zan samu zuwa ba." Katin ɗaurin auren 'yar maƙwabcinmu ne. Kowa ya yi dariya, har da ni. Kawu ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

A Ajase muka sauka gidan Alhaji Idi, mai kayan, a zangon Hausawa. Ya ba mu ɗakin zaure da tabarma da fanka. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara magana Hausa da Faransanci da Yarabanci duk a baki ɗaya suke fitowa, sai ka tsince naka.

Garin nan ya ba ni mamaki. Masu okadansu duk riga iri ɗaya suke sawa da lamba a baya, kuma mace ta ɗauki babur da goyo ba mai waiwaya. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sana'ata. Na je teburin mai shayinsu don in ga yadda 'yan'uwa ke yi. Jama'a, a kwano suke ba da shi! Kwano, kamar koko. Ba kaɗawa, ba ɗaga hannu sama, a zuba madara mai kauri a ƙasa a kwara ruwan zafi a miƙo maka cokali. Biredin kuma dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa ya kusa fasa mini dasashi, cikinsa iska. Na tuna biredinmu na Agege da za ka matse ya dawo, har ƙwalla ta kusa zubo mini. A cikin wannan sandar wani ya sa aka zuba masa taliya ya ci a gabana. Na kawar da kai, baƙo ne ni. Amma agidinsu da soyayyen kifi da yaji, wannan kam na sara musu.

Da aka gama sauke kaya, Kawu ya kira ni bayan mota. Ya kwance notin gefen tukunyar, ya tsoma yatsa, ya miƙo mini dab da ido.

"Wace kala?"

Na duba, na sake dubawa. Shayi. Bai kai na Owode kauri ba, amma shayi ne.

Nan kaina ya kulle gaba ɗaya. Tun Owode ko yayyafi ba a yi mana ba, ko kwata ba mu taka ba. Ta ina? Alhaji Idi ya zo ya leƙa, ya riƙe haɓa, ya ce wannan ba aikin ruwan sama ba ne, da hannu a ciki. Ya tambaya ko akwai mai son a rabu da motar. Allah Ya yafe mini, har na fara zargin Yaya Sagir, ina tunanin ko ya bi mu a danfo da buta.

Muka tafi garejin wani bakanike ɗan Nijar, Saini, da tsakar rana. A kulle. Maƙwabcinsa a kulle, mai sayar da mai a kulle. Ashe in rana ta take, garin kwanciya yake sai wajen la'asar. A Legas ka rufe shago da azahar ka tafi barci, ka dawo ka tarar wani ya buɗe nasa a ƙofarka. Da Saini ya zo yana miƙa, ya murza man a yatsa, ya sansana, ya ce man Najeriya ne jabu, da ruwansa aka sayar mana. Na ce a gabana aka fasa galan ɗin, kalar zuma ne. Ya ce ai zumar ma ana yi mata haɗi. Ya zubar, ya wanke, ya zuba nasa.

Alhaji Idi kuwa bai yarda da zancen jabu ba. Da za mu tafi ya kawo galan guda na ruwan tofi daga wurin malaminsa, ya ce duk inda aka tsaya a zuba a daidai wurin da ciwon yake. Kawu ya karɓa hannu biyu. Yanzu ga ra'ayi uku a kaina, tafki, jabu da sammu, kuma kowanne in mai shi yana bayani sai in ji shi ne daidai.

A hanyar dawowa, dab da boda, Kawu ya tsaya kusa da wata mata mai sayar da fetur a kwalba. Ya zagaya baya, ya taɓa tukunya, ya ce ta yi zafi. Ya haɗa ruwan tofin da na jarka a bokiti. Ni kuma na tsuguna a inuwar motar ina fama da ragowar sandar biredin nan, don haka idona yana daidai da tukunyar. Yawan wankan da take sha ya kwashe taɓon da ya lulluɓe ta tun Atan, ƙarfen ya fito fes. Kawu ya fara kwarawa. Sai na ji wata 'yar ƙara, zuuut, irin ta mai kurɓar shayi da zafi. Na matsa. A saman tukunyar, ɗan gefe kaɗan, ga rami nan kamar faɗin ƙaramin yatsa, ruwan yana juyawa yana shigewa.

"Kawu, tsaya! Wannan ramin fa?"

"Wane rami?"

"Ga shi nan inda kake zubawa."

Fuskarsa ba ta fi taƙi biyu daga wurin ba, ga rana tsaka. Ya ƙura ido. Sai ya ajiye bokitin, ya bi ƙarfen da yatsa yana lalube har yatsan ya faɗa ciki. Ya daɗe a haka.

"Hancinta ya faɗi," in ji shi.

Ya yi mini bayani da wata murya da ban san shi da ita ba. Akwai ɗan bututu mai hula a wurin, ta nan tukunya ke numfashi. In ta yi zafi ta fitar da iska, in ta huce ta ja. Ramukan Atan ne suka karya shi. Shi kuma duk tsayawa sai ya kwara wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, ta ja numfashi da ƙarfi, ta haɗiye.

Na ce, "Amma Kawu, ai a gabanka yake."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tun bara nake ganin hayaƙi, Habu. Na ɗauka hayaƙin Legas ne. Sai na zo nan na tarar ya riga ni isowa."

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya. Allunan da nake karantawa, farar tirela, kwanan Owode, katin ɗaurin aure, kujerar da aka share mini da hula. Ba ɗan rakiya aka ɗauko ba, ido aka ɗauko. Na ji tsoro, don na tuna tafkin da muka ratsa da masu okada a gefen taya. Na ji haushi, har na buɗe baki zan yi masa faɗa. Sai na ga hannunsa yana shafa ƙarfen nan yana ba shi haƙuri, tausayi ya rufe ni, na fasa.

Matar mai fetur ta yanko mana guntun tiyon da take zuƙo mai da shi. Kawu bai bar kowa ya taɓa ba. Da lalube ya cusa shi a ramin, ya ɗaure da waya, ya ja ɗaya bakin sama can ƙarƙashin bodi, ya lanƙwasa shi ya kalli ƙasa yadda ruwa ba zai shiga ba. Yatsun nan sun san motar fiye da yadda na san butata. Aka kira wani bakanike na kusa ya sake zubar da man ya zuba sabo. Da aka gama na nufi ƙofata zan hau, sai Kawu ya miƙo mini wayarsa.

"Nemo mini Bulus."

Bulus mutumin kudancin Kaduna ne, shi ya yi wa Kawu yaron mota shekarun baya, yanzu direba ne a tashar Idiroko har da furfurarsa. Ya tsallako boda a okada. Kawu ya miƙa masa makulli. Bulus ya mayar da hannuwansa baya.

"Oga, ni in tuƙa Gwoggo kana zaune? Haba oga."

"Karɓi. Giya ta biyu tana son lallashi, ka sani."

Kawu ya zauna a tsakiyarmu, hannuwansa a kan gwiwa. Duk inda ya kamata a canza giya sai in ga hannunsa ya motsa ya koma. Har muka wuce Atan, inda ruwa ya janye, har Sango, tukunya ba ta yi ko tari ba.

Da muka shigo layinmu Yaya Sagir yana tsaye a ƙofar gida. Ya ga Bulus a sitiyari, ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya wa buƙata. Tun ban gama sauka ba ya tare ni.

"Habu, faɗi gaskiya. Ta lalace ko?"

"Yaya, lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa wani ke tuƙi?"

Kawu ne ya cece ni. Ya sauko yana laluben matakala da ƙafa, a gaban kowa, bai ɓoye ba. Ya ce, "Kada wanda ya kawo mata wutar yanka. Ba ta yi laifi ba, ni na yi ta ɗura mata ruwa da hannuna. Bulus zai riƙe ta. Kai kuma Sagir, gobe ka kai ni a duba mini ido."

Yaya Sagir, mai baki kamar rediyo, ya dubi idon mahaifinsa da kyau, ina jin karo na farko a shekarar nan. Sai ya matsa ya kama masa hannu suka shiga gida.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ana jiran a sa ranar aiki. Ko zai koma sitiyari, Allah kaɗai Ya sani. Masu tambaya ko Gwoggo na nan, ai kuna ganinta. Duk ranar da za ta fita, Bulus yakan tsaya da ita a gaban teburina, inda Kawu ke zaune a ƙarshen benci da baƙin shayinsa, don tun da muka dawo ya ce kada in ƙara sa masa madara. Bulus ya shiga ƙarƙashi, ya tsoma yatsa, ya kawo. Kawu ya juyo wurina.

"Habu, wace kala?"

"Zuma, Kawu."

"To ku je."

Sai ya karkata kunne yana bin kukan injin har ta tsallake layin dogo ta ɓace cikin hayaniyar danfo. Sannan ya laluba kofinsa, in ce masa ya huce, ya ce in bar masa haka.